Mawaƙan deathcore: ihu ne ko iyawa?

Salamu alaikum mutanen Gusau, Ƙaura Namoda, Talata Mafara, daga Manchesta nake gaishe ku. Ƙanena ya ji wani guntun kiɗa da na tura masa, nan take ya bugo waya: "Yaya, wanga mutum lafiyarsa ƙalau kuwa?" To, bari in yi bayani kowa ya ji.

Sunan kiɗan deathcore. A Amurka da Kanada ya yi ƙarfi a farkon shekarun 2000. Ƙungiyar mawaƙa ta Suicide Silence ta kafu a Kaliforniya a 2002, ƙungiyar Whitechapel a Tenesi a 2006, daga nan abin ya bazu har Ostireliya da Rasha.

Muryar nan da kuke ji kamar gurnani, ba da ƙarfin tuwo ake yin ta ba. A maƙogwaron ɗan Adam, sama da tantanin da muke magana da shi, akwai wasu naɗe-naɗen nama guda biyu. Su mawaƙin ke koyon kaɗawa, iskar kuma daga ciki take tasowa. Na tsaya dab da dandamali a wani ƙaramin zauren wasa a nan garin, idona a kan wuyan mawaƙin. Kafaɗunsa a sake, fuska ba wani yamutsewa, cikinsa kawai ke shiga yana fita. Ya yi ƙasa da murya har na ji ta a ƙirjina, ya ɗaga ta ta koma tsiwa siririya, duk a numfashi ɗaya. Waƙa na ƙarewa ya kurɓi ruwa, ya yi mana godiya da wata 'yar murya mai laushi. Da ihu yake yi, wallahi da tuni ta dishe. Will Ramos, mawaƙin ƙungiyar Lorna Shore, har kyamara aka zura masa ta hanci a Jami'ar Yuta a 2022, don masana su ga yadda maƙogwaronsa ke murɗewa.

Mai ganga ma ya sha yabo a wurina. Ƙafafunsa biyu ke dukan babbar ganga ta kan feda, hannuwa na ruwan duka a sama, gudun kiɗan ya haura bugu 200 a minti, bai kuskure ba. Gitar kuwa mai tsirkiya 7 ko 8 ce, an sassauta ta don ta yi kauri.

Amma fa akwai lauje cikin naɗi. Da yawa suna maƙala wa ganga na'urar da ke fitar da ƙara iri ɗaya, ko an buga da ƙarfi ko a hankali. A ɗakin ɗaukar sauti kwamfuta ke daidaita duk bugun da ya karkace. Sautin goge da na taron mawaƙa da kuke ji a bayan waƙar, sau da yawa ba kowa a wurin, kwamfuta ce a gefe. Sai wurin da suke rage gudu su yi ta dukan tsirkiya ɗaya, jama'a na ture-ture. Karon farko yana tayar da tsigar jiki, amma ƙananan ƙungiyoyi sun mayar da shi mafaka, kowa irin na kowa.

Babban ƙorafina shi ne kalmomi. Mu da muka tashi da Ɗanƙwairo, kotso na tashi, 'yan amshi na karɓa, amma ko harafi ɗaya ba ya ɓace maka. Nan sai na buɗe waya na karanta kafin in san me ake faɗa. Phil Bozeman na Whitechapel na cikin 'yan kaɗan da nake tsintar maganarsu a cikin gurnanin, shi ya sa nake sa shi gaba da masu gasar wa ya fi ban tsoro.

Wanda zai auna ƙungiya, ya nemi wasansu na gaban jama'a da wani ya ɗauka da waya, ya saurara ko mawaƙin na da sauran numfashi a waƙar ƙarshe. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.