Cacar gefe a teburin dayis: nawa gidan caca ke yanka a kowace naira ɗari?

[Hoto: hannu ya jefa dayis biyu a kan allon lido.]

Assalamu alaikum, jama'a. Waɗannan ƙwayoyin biyu ba baƙi ba ne a wurinku, da su ake buga lido a majalisa daga Tudun Wada har Kawo. Irinsu ake jefawa a wasan kirafs na gidajen cacar Amurka, wasan da yanzu ya iso wayoyin samari a nan Kaduna ta manhajojin caca. Hukuncin caca a addini sananne ne, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma ba shi muka zo maimaitawa ba. Lissafi muka zo yi. Za mu buɗe ƙananan gidajen da aka jera a tsakiyar teburin, waɗanda muke kira cacar gefe, mu ga abin da kowannensu ke ci.

[Hoto: jadawali mai gida 36.]

Dayis ɗaya fuska shida gare shi. Idan biyu ne, shida sau shida, hanyoyi 36 ke nan da za su iya faɗuwa, kuma babu wadda ta fi wata sauƙin zuwa. Jimillar da suke bayarwa ce ba ɗaya ba. Biyu hanya ɗaya tak gare ta, ɗaya da ɗaya. Sha biyu ma haka, shida da shida. Uku da sha ɗaya hanya biyu-biyu, huɗu da goma uku-uku, biyar da tara huɗu-huɗu, shida da takwas biyar-biyar. Bakwai ita ce sarauniya, hanya shida: ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu, sannan kowanne a juya shi. Inda mutane ke tuntuɓe ke nan, suna ɗaukar uku da huɗu daidai da huɗu da uku. Ku sa dayis ɗaya ja, ɗaya fari, nan take za ku ga faɗuwa biyu ce daban.

Da wannan jadawalin za a auna komai. Ƙirga hanyoyin ci, ƙirga hanyoyin faɗuwa, sai ka duba abin da gida, wato gidan caca, ke biya. Giɓin da ke tsakanin biyan gaskiya da biyan gida shi ne kason gida.

Mu fara da mafi tsada, cacar bakwai. Ka aza naira 1,000 cewa jifa na gaba bakwai ne. Hanyar ci shida, hanyar faɗuwa 30. Da adalci za a yi, ninki biyar za a biya ka. Gida ninki huɗu yake biya. A zagaye cikakke na jifa 36, ka ci sau shida, naira 4,000 kowane, 24,000 ke nan. Ka faɗi sau 30, naira 30,000 ta tafi. Asara 6,000 cikin 36,000 da ka aza. Kashi 16.67 cikin ɗari. Wato a kowace naira shida da ta sauka a wannan gidan, ɗaya ta gida ce tun kafin dayis ya bar hannu. Abin da ke jan mutane shi ne bakwai ta fi kowace lamba fitowa. Gaskiya ne, amma sau ɗaya cikin shida ne, farashin kuwa an yanka shi kamar sau ɗaya cikin biyar.

[Hoto: gidajen 2, 3, 11 da 12.]

Biyu ko sha biyu, ana biyan ninki 30. Kunne na jin daɗin wannan, naira 1,000 ta jawo ribar 30,000. Hanyar ci ɗaya, ta faɗuwa 35. Ninki 35 ne haƙƙinka, an ba ka 30, biyar sun maƙale. Biyar cikin 36, kashi 13.89. Uku ko sha ɗaya ninki 15 ake biya a maimakon 17, kashi 11.11. Akwai kuma gidan da ya haɗa biyu, uku da sha biyu wuri guda, hanya huɗu, ninki bakwai, shi ma 11.11. Wasu na raba kuɗinsu gida huɗu a kan 2, 3, 11 da 12 wai don su kama ko ta ina. Rabawar ba ta rage komai, matsakaicin huɗun ne ke fitowa, kashi 12.5.

A nan sai a kula da rubutun da ke jikin tebur, domin kalma ɗaya na sauya lissafi. Wani teburin 30 ɗin riba ce, kuma a mayar maka da uwar kuɗinka. Wani kuwa 30 ɗin har da uwar kuɗin a ciki, ribar 29 ce. Ido ba ya ganin bambancin, lambar ɗaya ce a rubuce. Amma kason gida ya tashi daga 13.89 zuwa 16.67. A manhaja, shafin dokokin wasa ne zai nuna wanne ake nufi.

[Hoto: dayis biyu, kowanne ya nuna huɗu.]

Sai cacar tagwaye. Ita ba jifa ɗaya ba ce, kuɗinka na zaune har a yanke hukunci. Ka ce takwas za ta fito da huɗu da huɗu kafin ta fito ta wata hanya, kuma kafin bakwai. Hanyar ci ɗaya. Hanyoyin faɗuwa: takwas ta sauran hanyoyinta huɗu, da bakwai ta hanyoyinta shida, goma ke nan. Sauran 25 ba ruwansu da kai. Ana biyan ninki tara a kan goma, asara ɗaya cikin 11, kashi 9.09. Tagwayen shida ma haka. Tagwayen huɗu da na goma sun fi tsada: hanyar faɗuwa takwas, biya ninki bakwai, kashi 11.11.

Wanda ya fi kowanne iya yaudarar ido shi ne fili. Dogon gida ne ɗauke da lambobi bakwai: 2, 3, 4, 9, 10, 11, 12. Huɗu kawai aka bari a waje: 5, 6, 7, 8. Duk wanda ya duba zai ce bakwai a kan huɗu, ai banza ta faɗi. To mu ƙirga hanyoyi. Na ciki: ɗaya, biyu, uku, huɗu, uku, biyu, ɗaya, jimilla 16. Na waje: huɗu, biyar, shida, biyar, jimilla 20. Kamar ɗan tireda ne ya cika maka leda da alewa bakwai ya riƙe buhu huɗu. Don a rage zafin, ana ninka biya a kan biyu da sha biyu, kason gida ya tsaya a 5.56. Inda ake biyan ninki uku a kan sha biyu, ya sauko 2.78. Cikin cacar gefe, wannan ce mai dama-dama.

[Hoto: babban layin da ya zagaye tebur.]

Don a ga girman waɗannan lambobi, sai an ajiye su kusa da ainihin wasan. Babban layi, inda mai jifa ke neman bakwai ko sha ɗaya a jifan farko, ko ya maimaita lambar da ta fito masa a jifan farkon kafin bakwai, damar cinsa 244 cikin 495 ce. Kason gida kashi 1.41. Shi ma asara ce, sai dai ta tafiyar hawainiya.

Kuma ba kaso kaɗai ke aiki ba, har da sauri. A babban layi, hukunci ɗaya na ɗaukar jifa uku da ɗoriya a matsakaici. Cacar bakwai kowane jifa hukunci ne. A ce mutum biyu sun zauna jifa 100, kowanne yana aza naira 1,000. Na babban layi zai ga hukunci kusan 30, matsakaicin asararsa kusan naira 420. Na bakwai ya aza sau 100, matsakaicin asararsa ya haura naira 16,600. Tebur ɗaya, dayis ɗaya, lokaci ɗaya, amma ninki kusan 40. A waya kuwa babu jiran ma'aikaci ya kwashe kuɗi ya miƙo dayis, danna maɓalli ne, don haka jifa 100 ba ta ɗaukar wani lokaci.

Akwai masu cewa suna kare kuɗin babban layi ne ta hanyar aza ɗan wani abu a kan biyu, uku da sha biyu, lambobin da ke kayar da babban layi a jifan farko. Kowace caca da nata lissafin, ba sa cakuɗuwa. Wanda ya yi haka ya ɗora cacar 11.11 a kan ta 1.41, matsakaicin asararsa ƙaruwa ya yi, zafin faɗuwar jifan farko kawai ya rage.

Sai maganar da aka fi ji: "An yi jifa goma bakwai ba ta fito ba, yanzu kam dole." Dayis ba shi da ƙwaƙwalwa. Jifa goma a jere babu bakwai na faruwa kusan sau 16 cikin ɗari, ba abin mamaki ba ne. A jifa na 11 damar bakwai na nan yadda take, shida cikin 36, kuma gida na nan a kan ninki huɗunsa.