Idan mama ɗaya ya fi ɗaya girma: laccar da wata likita ta yi wa mata a Yamai

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, na san wasu sun baro tukunya bisa wuta don haka ba zan ja ku da nisa ba. Maganar yau ana jin kunyarta, mace sai ta shigo wurina ta yi ta kewaye-kewaye, ciwon kai, ciwon baya, sai za ta tahi ta ce dokta akwai wani abu kuma. To gara mu yi ta a fili.

Mafi yawan mata mamansu ba daidai suke ba, ɗaya yakan ɗan fi ɗaya, wannan halitta ce ba ciwo ba. Yarinya lokacin ƙirgen dangi ma sau da yawa ɗaya ke fara fitowa, uwa ta rikice, alhali in an yi haƙuri ɗayan zai biyo. Amma akwai wanda bambancin ya yi yawa har riga ba ta ɓoyewa, ɗiya ta daina zuwa lakwal ranar motsa jiki, budurwa ta ji tsoron aure, matar aure ta sha gori gun kishiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi, kar mu ce mata ke dai yi haƙuri mu wuce.

Me ke kawo shi? Wani shayarwa ce, yaro ya fi son gefe guda. Wani ƙashin baya ne ya karkace sai ƙirjin ya nuna kamar maman ne. Akwai wanda aka haifa babu tsokar ƙirji a gefe guda, wani likitan Ingila Alfred Poland ya yi bayaninsa a 1841. Akwai kuma wanda mu ne da hannunmu, kakanni ku ji ni da kyau, matse nonon jaririya da ake yi wai a fitar da ruwa. Ruwan nan da kansa yake tahiya, in kin matse ƙwayoyin cuta su shiga ya yi ƙurji a tsaga, tushen maman yana iya lalacewa, ba za a gani ba sai ta girma gefen nan ya ƙi fitowa. Don Allah a bari.

Yanzu abin da ya fi kawo ni. Kafin a yi zancen gyara sai an san wane iri ne, wanda kika tashi da shi tun kina budurwa, ko wanda ya zo daga baya? Mace mai shekara 40 da mamanta suke daidai sai bana ɗaya ya soma girma ko ya ƙanƙance, ko ta ji ƙullutu a ciki ko a hammata, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fidda jini, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemu, wannan ba ta neman likitan kwalliya, tana neman hoton cikin mama, ekografi ko mamografi, cikin satin nan, ba bayan salla ba. Ku tahi matarnite Issaka Gazobi ko cibiyar yaƙi da cutar kansa (ciwon daji) ta ƙasa da ke nan Yamai. Ba kowane ƙullutu ne kansa ba, na 'yan mata galibi ba ita ba ce, amma ba a ganewa da ido, kuma abin da ke cin raina matanmu sai ciwo ya fashe suke zuwa bayan an gama shafe-shafe.

To an duba lafiya lau, me tiyata ke iya yi? Ana rage babban ya dawo kusa da ƙaramin, a yanke nama da fata a mai da kan maman sama. Ni in babban yana sa ciwon wuya da kafaɗa wannan na fi so, don ba a bar miki baƙon abu a jiki ba. Sai dai akwai tabo, zagaye da kan maman ya sauko ƙasa, kuma mu baƙar fata tabonmu yakan yi tudu, duk wadda hujin kunne ya taɓa yi mata ƙululu ta faɗa wa likita tun farko. Jin kan maman yana iya raguwa, shayarwa ma tana iya yin wuya, wadda ba ta gama haihuwa ba ta yi tunani.

Ana kuma ƙara ƙaramin da jakar silikon ko ta ruwan gishiri. Tun 1962 aka fara sa ta silikon a Amurka, aikin ya ci gaba sosai, amma abin da masu talla a TikTok ba sa faɗa, jakar nan ba ta har abada ba ce. Tana iya fashewa, jiki yana iya yi mata kube mai tauri maman ya ƙage yana zafi, kuma wadda aka sa wa tana 25 ta sa a ranta za ta sake kwanciya ɗakin tiyata wata rana, da wani kuɗin. A 2010 Faransa ta hana jakunkunan kamfanin PIP don an cika su da silikon ɗin masana'antu, mata da yawa sai da aka cire musu, a 2019 kuma ta hana wasu masu kaushin baya saboda wata kansa da ba ta cika faruwa ba. Shi ya sa in an sa miki, ki karɓi takarda mai sunan kamfani da lamba ki adana.

Akwai ɗibar kitse daga cikinki ko cinya a tace a zuba a ƙaramin. Naki ne, tabo kaɗan, amma jiki yana shanye wani kaso, sau da yawa sai an maimaita, kuma ƙaramin bambanci yake gyarawa. In kuma girman ɗaya ne, ɗaya ne dai ya fi zubewa, ɗagawa ake yi. Wani lokaci a haɗa biyu.

Duk wadda aka yi, kusantawa ake, ba za su zama daidai cif ba, kuma ciki da shayarwa da ƙiba za su sake taɓa su. A jira yarinya ta gama girma wajen 18, mai shayarwa ta yaye ta bar wasu watanni.

Masu tahiya Tunisiya ko Turkiyya, ban hana ba, amma ki tambayi kanki in ɗinki ya ruɓe kin dawo gida wa zai duba ki? Ki samu likita a nan tun kafin ki hau jirgi. Man shafawa da hulba da ƙwayoyin da ake sayarwa a WhatsApp ba sa girmar da gefe guda, kuɗinki ne kawai. Allura kuwa a ɗakin wata mai gyaran jiki, mai ko ruwan silikon, kar ki kuskura, tana iya kai ki ga a yanke maman gaba ɗaya.

Hajiya can baya tana tambaya ko addini ya yarda da wannan tiyata. Ni ba malama ba ce, amma malamai sun bambanta cire aibi da canza halitta don son ƙawa, suna kafa hujja da sahabi Arfaja da aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ma ta zauna kan tiyatar gyara a Malesiya a 2007. Ki kai wa malaminki bayanin likita ya duba halinki ke kanki.

Wadda ba ta da hali ko ba ta son wuƙa, sutiyan mai aljihu da soso a gefe guda yana rufa asiri ƙwarai, tela ma zai ɗinka miki in kin kai masa awon babban. Masu son in duba su, ga ɗaki can an sa labule, ku shigo ɗaya-ɗaya.