Yadda Ake Tsara Hanyoyin Masu Tafiya a Ƙasa da Masu Keke a Birni

Idan hukumomin birni suka tashi yi wa masu keke hanya, sau da yawa sukan zaɓi wani faffaɗan titi, su shafa fenti a gefensa, sannan su sanar da yawan kilomitocin da suka kammala. Amma abin da mai keke yake bukata shi ne ya tashi daga ƙofar gidansa ya isa makaranta ko wurin aiki ba tare da hanyar ta yanke masa ba. Hanyar da ta miƙe lafiya lau sannan ta ɓace a bakin shataletale, ta jefa mutum tsakiyar manyan motoci, babu uwar da za ta yarda ɗanta ya bi ta.

Saboda haka, aikin yana farawa ne da duba inda jama'a suke fitowa da inda suke nufa, wato unguwanni, makarantu, asibitoci da tashoshi, kafin a ɗinke su da hanyoyi masu haɗe da juna. Wani lokaci ma ƙafafun mutane sun riga sun nuna wurin, domin duk inda aka ga siririyar hanya ta ratsa ciyawa, ko aka ga an ɓalle shingen tsakiyar titi, to nan ne ake bukatar mashiga.

Birnin Sevilla na ƙasar Sifaniya ya gwada wannan. Daga shekarar 2006, cikin ƙasa da shekara biyu, ya shimfiɗa kusan kilomita 80 na hanyoyin keke a dunƙule, aka raba su da motoci da shinge, kuma aka karɓi yawancin filin daga wuraren ajiye motoci. Cikin 'yan shekaru yawan masu hawa keke ya ninka sau da dama. Da a ce guntu-guntu aka yi aikin tsawon shekara ashirin, da wuya a ga irin wannan sakamako.

Wurin da ya fi wuyar sha'ani shi ne mararraba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗuran hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Gudu ne yake raba rauni da mutuwa, shi ya sa sanarwar Stockholm ta 2020, wadda aka fitar a taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗuran hanya, ta nemi a taƙaita gudun mota zuwa kilomita 30 a awa ɗaya a wuraren da mutane da motoci suke cuɗanya. Allon gargaɗi kaɗai ba ya hana direba taka mota. Fasalin titin ne yake tilasta masa. Idan aka tsuke kwana, aka ɗaga wurin tsallakawa, aka gina tudun tsayawa a tsakiya, sai tsoho da yaro su haye a hankali kashi biyu. Ita kuwa gadar sama ta masu tafiya, wadda ake yawan alfahari da ita, tana tsawaita tafiya, tana wahalar da mai keken guragu, shi ya sa mutane da yawa suke ƙyale ta su ratsa ta ƙasa.

Ƙasar Holan ma, wadda ta shahara da hawan keke, ba haka kawai ta wayi gari da kekuna ba. A 1971 haɗuran hanya sun kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar, ciki har da yara sama da 400, kuma zanga-zangar iyaye tare da ƙarancin man fetur na 1973 suka taimaka wajen sauya tunanin hukumomi. Ƙa'idar da suka tsaya a kai daga baya ita ce a raba keke da mota inda gudu da cunkoso suka yi yawa, a cikin unguwa kuma a rage gudun mota har kowa ya iya bin titi ɗaya.

Bayan gini sai kulawa, wadda ya kamata a ware mata kuɗi tun farko: fitilu don tafiyar dare, bishiyoyi don inuwa, magudanar ruwa, da jami'an da za su hana motoci mayar da gefen titi wurin fakin.