Makiyayi Ya Yi Alkawari, Budurwa Ta Mayar Masa da Amsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau Ingila za mu je, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, mu saurari wani saurayi yana yi wa budurwa daɗin baki, sannan mu ji abin da ta ce masa.

Waƙar saurayin Christopher Marlowe ne ya rubuta ta. An haife shi a Canterbury a 1564, aka kashe shi da wuƙa a Deptford a 1593, yana ɗan shekara 29. Sunan waƙar The Passionate Shepherd to His Love, wato makiyayin da so ya kama yana kiran masoyiyarsa. Baiti shida ce, kowane baiti ɗango huɗu, amsa-amon kuma bibbiyu yake tafiya, shi ya sa take zama a kunne.

Me ya ce mata? Ki zo mu zauna tare, ki zama tawa. Za mu hau kan duwatsu muna kallon makiyaya suna kiwo, ga ƙorama na gudu, tsuntsaye na rera waƙa. Zan yi miki shimfiɗa da furen wardi, in saƙa miki hula da furanni, in ɗinka miki riga da gashin 'yan raguna mafi laushi. Takalmi kuwa, maɓallinsa zinariya zalla. Kowace safiya ta watan Mayu samari za su yi miki rawa da waƙa.

Ni dai duk lokacin da na karanta ta, sai na ji raina ya yi fari. Amma ku lura da abu biyu. Bai taɓa ambaton aure ba. Kuma a duniyar da ya zana mata, kullum watan Mayu ne, lokacin da sanyin Ingila ya wuce, furanni suka buɗe.

A 1600 aka buga waƙar a wani kundi mai suna England's Helicon, kuma dab da ita ga amsa: The Nymph's Reply to the Shepherd, wato amsar budurwa ga makiyayin. Ba a sa sunan mai ita ba, sai a 1653 wani marubuci, Izaak Walton, ya ce Sir Walter Raleigh ne, bafaden sarauniya, sojan da daga baya Sarki James na Farko ya sa aka fille wa kai a 1618.

Nan ne gwanintar take. Budurwar ba ta zage shi ba, ba ta kuma kawo wani sabon zance ba. Kayansa ta ɗauko ɗaya bayan ɗaya, da karinsa da yawan baitocinsa, tana ɗaga kowanne tana tambayar abin da zai zama bayan wata shida. Tumakin nan, lokaci zai kora su daga fili zuwa garke. Ƙoramar za ta cika ta yi hauka. Duwatsun da za mu zauna a kai za su yi sanyi ƙalau, tsuntsun ya yi tsit. Rigar, takalmin, shimfiɗar wardin, duk za su yage, su bushe, a manta da su. Ta kuma jefa masa kalmar da ta fi zafi: harshe zuma, zuciya maɗaci.

Mawaƙa ba su bar zancen nan ya mutu ba. John Donne ma ya ɗauki ɗangon farko na Marlowe ya gina tasa, The Bait, inda ya mai da budurwar abin ɗana wa ƙugiya, samari kuma kifaye.

In za ku karanta, ku ɗora waƙoƙin biyu gefe da gefe, ku karanta a bayyane, baiti nasa, baiti nata. Kuma don Allah kada ku tsaya kafin baitinta na ƙarshe, don can ne muryarta ta sauko. Ta ce da ƙuruciya na ɗorewa, da so ba ya ƙarewa, da farin ciki ba shi da wa'adi, tsufa kuma ba ya zuwa da buƙata, to da waɗannan abubuwa sun ja hankalina, da na zo na zauna da kai, na zama taka.