Me Ya Sa Mai Zazzaɓi Yake Rawar Ɗari Alhali Jikinsa Zafi Rau?

Ku taɓa goshin mai zazzaɓi, za ku ji zafi rau. Amma ga shi nan ya ƙudundune cikin bargo, haƙora na kaɗawa, yana roƙon a ƙara lulluɓe shi. Ta yaya jiki mai wannan zafi yake jin sanyi?

Amsar tana can ƙasan ƙwaƙwalwa, a wani ɗan mitsitsin sashe da likitoci ke kira haifotalamus. Shi ne mai gadin zafin jiki. Dare da rana yana auna ɗumin jinin da ke ratsa shi, yana sauraron saƙon fata, yana riƙe jiki a wajen digiri 37 na ma'aunin Salsiyos. In zafi ya yi yawa, sai ya buɗe jijiyoyin jinin fata, ya saki gumi. In sanyi ne, ya tsuke su.

To, da zarar ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini sukan tare ta, su saki wasu sinadarai cikin jini. Saƙon nan na isa ƙwaƙwalwa, sai a samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi kuma ya sa mai gadin nan ya ɗaga mizaninsa, misali daga 37 zuwa 39. A nan lamarin yake. Jiki yana 37, ƙwaƙwalwa tana neman 39, don haka a wurinta jikin ya yi sanyi. Sai jini ya janye daga fata, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi ƙalau, tsikar jiki ta tashi, tsokoki su kama karkarwa domin su haifar da ɗumi. Rawar ɗarin ke nan. Gumin da ke karyowa daga baya har ya jiƙa riga kuwa, alama ce mizanin ya sauko, jiki na zubar da rarar zafi.

Kuma da gangan jiki ke yin haka, domin ƙwayoyin cuta da dama ba sa yaɗuwa sosai cikin zafi, garkuwar jiki kuma takan ƙara kuzari.

Abubuwan da ke kunna wannan wuta suna da yawa: mura, maleriya, taifod, tarin fuka, ciwon sanyin mafitsara, wani lokaci allurar rigakafi, ko wani magani da jiki bai karɓa ba, har da wasu nau'o'in ciwon daji (kansa). Shi ya sa nake damuwa in ga an ɗauki kowane zazzaɓi maleriya ne ba tare da gwaji ba. Farasitamol yana sauke mizanin, mutum ya ji sauƙi, amma bai taɓa cutar da ta ɗaga shi ba.

Akwai lokutan da ba a jira. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafinsa ya kai digiri 38, a kai shi asibiti nan take. Haka wanda wuyansa ya sanƙare, ko numfashi ke masa wuya, ko hankalinsa ya fara gushewa, ko yaron da ya yi jijjiga ko ya kasa shan komai. Kada kuma a ba yaro asfirin don sauke zazzaɓi, sai likita ya ce.