SWAFP: Jam'iyyar Manoma da Ba Ta Kai Gona Ba

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Da wuya a sami mutum biyar a zauren nan da suka taɓa jin sunan SWAFP, wato jam'iyyar gurguzu ta ma'aikata da manoman Nijeriya. A 1963 aka kafa ta. Jagoranta likita ne, Dakta Tunji Otegbeye, tare da Wahab Goodluck na ƙungiyar ƙwadago ta NTUC. Ba su ɓoye ba, 'yan kwaminis ne, Tarayyar Sobiyet ce alƙiblarsu, suna kuma buga jarida mai suna Advance.

Ku riƙe watan Yunin 1964, don a nan zancen yake. Ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari kan albashi, saboda gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi ta jan ƙafa kan rahoton kwamitin Morgan, wanda aka kafa don duba albashin ma'aikata. Kusan mako biyu jirgin ƙasa bai motsa ba, kaya na jibge a tashar jiragen ruwa ta Legas, ofisoshi a rufe. Tilas gwamnati ta ƙara albashi. 'Yan SWAFP suka ce to, lokaci ya yi.

Ashe da sauran rina a kaba. Zaɓen Disamba ya zo, ko kujera ɗaya ba su samu ba. Leburan da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa a bakin ƙofar ma'aikata, ranar zaɓe sai ya koma jam'iyyar yankinsu. Ga kuma ɓaraka a cikin gida, don Michael Imoudu, uban 'yan ƙwadago, ya ja nasa mutanen sun kafa wata jam'iyyar daban a shekarar.

Manoman da ke cikin sunan fa? A ganina nan suka fi faɗuwa. Jarida da Turanci, taro a birni. A Arewa kuwa tun 1950 NEPU ke yi wa talaka maganar haraji da jangali da zaluncin 'yan doka, cikin harshen da yake ji. Wa zai bar wannan ya zauna sauraron sharhin Markis da Lenin, jagororin aƙidar kwaminis?

A 1966 Janar Ironsi ya haramta jam'iyyu gaba ɗaya, har da ita. Goodluck ya ci gaba da harkar ƙwadago har 1977, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta hana shi, shi da Imoudu, riƙe muƙami a ƙungiyoyin ma'aikata.

Na ga hannu can a gefe. Bismillah, Malama.