Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna a Ziyararsa Gidan Tarihinmu da Ke Legas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Shugaban ƙaramar hukuma mai masaukinmu, sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da 'yan majalisarsu, malamanmu, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, da 'yan makarantar da suka yi layi tun da hantsi. A madadin kwamitin da ke kula da ɗakin kayan Hausawa na wannan gidan tarihi, muna yi maka barka da zuwa Legas daga jiharka, barka da hanya. Ayyukanka ba sai mun lissafa ba, domin direbobin tirela da masu kawo kayan gwari kasuwar Mile 12 sun riga ka isowa da labarinsu. Allah ya ƙara girma, ya ja zamani.

Ranka ya daɗe, ba za mu ajiye abin da ke ranmu sai ƙarshen takarda ba. Mota muke roƙo. Bas guda ɗaya, mai ɗaukar aji guda da malaminsu, wadda za ta riƙa kwaso yara daga makarantu zuwa nan ta mai da su. Sauran abin da za ka ji bayani ne a kan dalilin wannan roƙo.

Bahaushe ba baƙon jiya ba ne a Ikko, wato Legas. Turawan Ingila sun karɓi garin nan a 1861, kuma a 1863 Kyaftin Glover ya ɗauki Hausawa, da yawansu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya kafa ƙaramar runduna da su. Har gobe sojan Nijeriya daga wannan runduna yake ƙirga asalinsa. Su ne aka tafi da su yaƙin Asante, a ƙasar Ghana ta yau, a 1873. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai hanya ta buɗe gaba ɗaya: shanu da fatu da gyaɗa suna gangarowa, goro yana hawa. Gonakin goron da ke kewayen Agege su suka zaunar da kakanninmu a can, suka yi zango, suka gina masallaci, suka aurar da 'ya'ya. Daga nan aka bazu: Obalende, Idi-Araba, Alaba Rago, mayankar Oko-Oba. Babu gidan da ake ɗora tukunya a birnin nan da ba a jefa albasa ko tattasai ko naman da ya bi ta hannun ɗan Arewa ba. A garin nan ne kuma, a Ikoyi, aka kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976, motarsa tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan da alamun harsashi a jikinta. Guminmu yana cikin ƙasar nan, jininmu ma yana ciki.

Duk da haka, ranka ya daɗe, da zarar an samu saɓani a kasuwa, kalmar farko da ake jefa mana ita ce mu koma garinmu. Ana faɗa wa mutumin da aka binne kakansa a nan. Abin da ya fi ci mana rai shi ne yaranmu ba su da amsa, don ba su san labarin ba. Wannan ne ya sa da ƙaramar hukuma ta ba mu ɗaki a gidan nan, dattawa suka buɗe akwatuna ba tare da an biya su kwabo ba. Za ka ga huhun goro yadda ake ɗaure shi da ganye, da wasiƙun ajami tsakanin fatake da masu masaukinsu, da allo da tawada, da fitilar ma'aikatan jirgin ƙasa, da rigunan saƙi, da hotunan tsofaffin sojoji. Akwai tsohuwar da ta kawo tasoshin jeren mahaifiyarta, ta ce gara su zauna inda jikokin kowa za su gani.

To ga kayan, amma masu kallo sun janye. A da, kafin zangon karatu ya ƙare littafin baƙi ya cika an sake wani. Yanzu wanda za ka sa wa hannu an jima ya daɗe a kan tebur, kuma bai yi rabi ba. Akwai ranar da mai gadi zai buɗe ƙofa da safe ya rufe da yamma ba wanda ya leƙo.

Mun zauna mun bincika, ba wai mutane sun daina son tarihi ba ne. Kullen korona a 2020 ya yanke ziyarar makarantu, kuma kafin a farfaɗo sai aka cire tallafin man fetur a 2023. Shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, magana ɗaya suke gaya mana: kuɗin shiga ba shi ne matsala ba, shatar mota ce ta gagara. Uban da ke fama da kuɗin makaranta ba za a aika masa takardar kuɗin danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ba. Ga cunkoson Legas, wanda kan cinye rabin yini kafin a iso. Abin takaici, an dawo da darasin tarihi cikin manhaja bayan shekarun da aka cire shi, malamai suna neman inda za su kai yara su gani da ido, mu kuma muna zaune da kayan. Mota ce kawai tsakaninmu da su.

Sai maganar talla, wadda a gaskiya babu ita. Mutum zai shekara yana wucewa ta bakin ƙofar nan bai san me ke ciki ba. Allon sanarwa ya koɗe, kuma da Turanci kaɗai aka rubuta shi. Matasa suna kan Facebook da TikTok da WhatsApp, gidan nan kuwa ba shi da ko mutum ɗaya da aikinsa ya ɗauki hoto ya ɗora. Ana buɗewa a lokacin da 'yan kasuwa ke tsaka da ciniki, ana rufewa kafin su tashi, ranar Lahadi kuma da suke da sarari ƙofa a garƙame. Ba mu zargi kowa ba. Mun san kasafin ƙaramar hukuma yana da masu jiransa da yawa, ga magudanar ruwa, ga shara, ga asibiti. Sai dai mun san yadda ake auna irin wannan wuri a ofis: a duba littafin baƙi, in ba sunaye a ce ba amfani. Muna tsoron ranar da za a ce a mai da ɗakin nan zauren biki ko shaguna. In hakan ta faru, da wane ido za mu dubi dattawan da suka ba mu amanar kayansu?

Ƙananan buƙatunmu za mu faɗe su a gurguje. Muna so ka sa baki wajen takwaranka na Jihar Legas a ba mu izinin kafa alluna da Hausa da Yarbanci da Turanci a tashoshin sabon jirgin ƙasa na cikin gari, musamman Agege da Oshodi. Muna so gidan rediyon jiharka ya riƙa ambaton mu, domin masu zuwa Legas fatauci su san da wurin. In da hali, a ɗauki nauyin matashi ɗaya mai jin harsunan uku ya riƙa zagayawa da baƙi, ya kuma kula da shafukan intanet. Waɗannan ko an jinkirta su za mu yi haƙuri.

Motar ce ba ta jira, ranka ya daɗe. Ba mu ce sabuwa ba. Ko wadda ta yi aiki ce, in dai tana da lafiya, mun gode. 'Yan kasuwa sun yi alkawarin zuba mata mai, ƙungiyar direbobinmu ta ce za ta ba da direba, shugaban ƙaramar hukuma kuma ya nuna mana inda za ta riƙa kwana. Ba 'ya'yan Hausawa kaɗai za ta ɗauka ba. Yaron Bayarabe da na Ibo da suka tsaya gaban hoton sojan Glover ba za su girma suna ce wa abokin karatunsu baƙo ba. Mun riga mun rubuta sunayen makarantun da za a fara da su, takardar tana hannun sakatare, za a miƙa maka tare da wannan jawabi.

Muna roƙonka, don Allah, kafin ka bar zauren nan ka ce wani abu a kan motar a gaban waɗannan yara. Allah ya mai da kai gida lafiya, ya kare ka da iyalinka. Yanzu kuma sai ka taso, ranka ya daɗe, mu zagaya da kai ɗakin.

Wassalamu alaikum.